Tsofaffin Filayen Jiragen Sama na Birnin Berlin: Me Ya Sa Suka Yi Yawa, Kuma Me Ya Same Su?

Abu Hafsat ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ta shafi birnin Berlin na ƙasar Jamus ne. Duk wanda ya dubi taswirar birnin zai ga wani makeken fili kusa da tsakiyar gari, babu gini a cikinsa, ga titunan jirgi guda biyu kwance amma babu jirgi ko ɗaya, an rubuta Tempelhof a kansa. A arewa maso yamma kuma akwai wani mai suna Tegel, shi ma an rufe shi, filin da ke aiki a yanzu kuwa yana can wajen iyakar birnin. Ina roƙon masana su yi mini bayani: filaye nawa birnin ya taɓa mallaka, mene ne dalilin yawansu, kuma don me aka rufe waɗanda suke kusa da jama'a aka koma nesa? Na gode.

Baba Injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Abu Hafsat. Filayen da ya kamata a lissafa guda shida ne kafin na yanzu: Johannisthal, Staaken, Tempelhof, Gatow, Tegel da Schönefeld. Zan ɗauki ukun farko, domin su ne na zamanin da jirgi bai buƙatar komai sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai ciyawa.

Wannan batu na ciyawa shi ne mabuɗin fahimtar farkon labarin. Jiragen farko na katako ne da ƙyalle, ba su da nauyi, kuma iskar da ta bugo su daga gefe tana iya kifar da su, saboda haka matuƙi yakan dubi inda iska ke fitowa ya fuskance ta ya tashi. Wannan ya sa filin da ake nema a lokacin shi ne mai faɗi ta kowace fuska, ba dogon titi guda ɗaya ba, kuma a biranen Turai masu irin wannan fili su ne sojoji da masu sukuwar dawaki. Tempelhof filin faretin sojojin tsohuwar masarautar Prussia ne tun kafin a san jirgi, kuma a kansa ne Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun nan na Amurka da suka ƙera jirgin sama na farko mai inji, ya yi wa jama'a nunin tashi a watan Satumban 1909.

Amma ba shi ne ya fara zama filin jirgi na dindindin ba. Wannan matsayi na Johannisthal ne, a kudu maso gabashin birnin, wanda aka buɗe ranar 26 ga Satumban 1909. A shekarun farko ya fi kama da wurin kallo, mutane suna biyan kuɗin shiga su zauna a rumfuna su kalli matuƙa suna gasa, a gefe guda kuma masu ƙera jirage irin su Rumpler da Albatros suna kafa masana'antunsu, har shi Anthony Fokker a nan ya kafa kamfaninsa a 1912 kafin ya koma Schwerin. A nan ne Melli Beese ta zama mace ta farko a Jamus da ta samu lasisin tuƙin jirgi a 1911, a nan ne kuma wani jirgin Zeppelin (ƙaton jirgi mai kama da balan-balan, da iskar gas ke ɗagawa) na sojan ruwa ya kama da wuta a watan Oktoban 1913, mutum 28 da ke cikinsa suka mutu baki ɗaya. Jigila ta yau da kullum ta fara daga wannan fili a watan Fabrairun 1919, zuwa garin Weimar, kuma dalilin ba yawon buɗe ido ba ne: majalisar da ke rubuta sabon tsarin mulki tana zama a can, ana buƙatar wasiƙu da jaridu su riƙa isa da sauri a lokacin da zirga-zirgar jirgin ƙasa ba ta da tabbas.

Abin da ya kashe kasuwar Johannisthal shi ne nisa. Da aka buɗe Tempelhof a matsayin filin fasinja ranar 8 ga Oktoban 1923, kusa da tsakiyar gari, sai harka ta koma can. An kafa kamfanin jiragen sama na Luft Hansa a watan Janairun 1926 ya mayar da shi gidansa, a 1927 kuma jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya iso bakin filin. Ginin da ake gani a yau ba na wancan lokaci ba ne, gwamnatin 'yan Nazi ce ta sa Ernst Sagebiel ya zana shi aka fara aiki a 1936. Lanƙwasasshen gini ne mai tsawon kimanin kilomita 1.2, da rufin da ya miƙo gaba kusan mita 40 ba tare da ginshiƙi ba, yadda jirgi zai shigo ƙarƙashinsa fasinja ya hau ba ruwan sama ya taɓa shi. Ba a taɓa kammala shi yadda aka tsara ba, yaƙi ya tsayar da aikin.

Staaken kuwa, a yamma, wurin ƙera jiragen Zeppelin ne da manyan jiragen yaƙi a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da aka fi tuna shi da shi shi ne tashin jirgin Condor a watan Agustan 1938, wanda ya isa New York cikin kusan sa'o'i 25 ba tare da ya yada zango ba.

Malama Ummi ta rubuta:

Baba Injiniya ya yi bayani mai kyau, sai dai akwai abin da bai kamata a tsallake ba game da ginin Tempelhof. A gefen filin akwai sansanin tsare mutane na Columbia-Haus wanda ya yi aiki daga 1934 zuwa 1936, kuma a lokacin yaƙi an mayar da rumfunan ginin masana'antar harhaɗa jiragen kai hari samfurin Ju 87, inda aka yi amfani da dubban mutanen da aka kwaso daga ƙasashen da aka mamaye aka tilasta musu aiki. Mai yabon kyawun ginin ya kamata ya san wannan.

Amsar tambayar yawan filaye tana cikin abin da ya biyo bayan 1945. An raba birnin gida huɗu tsakanin Amurka, Birtaniya, Faransa da Tarayyar Soviet, kowace ƙasa kuma tana son filin da yake ƙarƙashin ikonta. Amurkawa suka karɓi Tempelhof. Turawan Birtaniya suka karɓi Gatow, tsohuwar makarantar horar da hafsoshin sama da aka gina a tsakiyar shekarun 1930, kuma don filin ya faɗa cikin yankinsu gaba ɗaya sai aka yi musayar ƙasa, aka ba wa Soviet yammacin Staaken. Su Soviet sun fara amfani da Johannisthal, daga baya suka koma Schönefeld, inda kamfanin Henschel ya gina masana'antar jirage tun 1934, wanda daga bisani ya zama babban filin Jamus ta Gabas kuma gidan kamfanin Interflug. Faransawa ne kaɗai ba su da fili.

A ƙarshen watan Nuwamban 1945 ƙasashen huɗu suka amince a rubuce da hanyoyin sama guda uku daga yammacin Jamus zuwa Berlin, kowace mai faɗin kimanin kilomita 32, ɗaya ta wajen Hamburg, ɗaya ta wajen Hanover, ɗaya ta wajen Frankfurt. Hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa ba su samu irin wannan rubutacciyar yarjejeniya ba. Saboda haka lokacin da rikicin fito da sabon kuɗi a yankunan yamma ya taso, Soviet suka toshe hanyoyin ƙasa ranar 24 ga Yunin 1948, sama kaɗai ta rage wa mutane fiye da miliyan biyu da ke yammacin birnin.

Sai aka koma kai musu kaya ta sama. An yi jigila fiye da sau 270,000, an kai kaya fiye da tan miliyan biyu, kuma mafi yawansu ba abinci ba ne, kwal ne na ɗumama gidaje da samar da lantarki. Janar William Tunner na Amurka ya tsara aikin yadda jirage ke bin juna da tazarar mintuna uku, kuma matuƙin da ya kuskure sauka ba a ba shi damar sake zagayowa, sai ya juya da kayansa ya koma inda ya fito, domin kada layi ya rikice. Sauka a Tempelhof ba wasa ba ce, jirgi yakan biyo ta saman wata maƙabarta, tsakanin dogayen gidajen unguwar Neukölln, kafin ya taɓa ƙasa. Gishiri kuwa, da yake yana cin ƙarfen jirgi, sai aka riƙa ɗauko shi da jiragen Sunderland masu sauka a kan ruwa, waɗanda aka ƙera su jure ruwan teku, suna sauka a kan kogin Havel kusa da Gatow har zuwa lokacin da ruwan ya daskare.

Filaye biyu, Tempelhof da Gatow, ba su isa ba, shi ya sa aka haifi Tegel. Wurin tsohon filin gwajin harbin igwa ne a yankin Faransawa, inda a farkon shekarun 1930 wasu masu sha'awar roka, cikinsu har da matashi Wernher von Braun, suka yi gwaje-gwajensu. An fara aiki ranar 5 ga Agustan 1948, ma'aikata kusan 19,000, da yawansu mata, suna aiki dare da rana, suna cike ƙasan titin da ɓaraguzan gidajen da bama-bamai suka rusa, jirgin farko kuma ya sauka ranar 5 ga Nuwamba. Titin ya haura mita 2,400, wanda a lokacin babu mai tsawonsa a Turai. Akwai dogayen turakun gidan rediyon da Soviet ke iko da shi a kan hanyar saukar jirage, aka nemi a cire su ba a cire ba, sai kwamandan Faransawa Janar Jean Ganeval ya sa aka tarwatsa su da nakiya ranar 16 ga Disamba. An ɗage toshiyar ranar 12 ga Mayun 1949, amma jigilar ta ci gaba har ƙarshen Satumba don a tara abin da zai isa idan aka sake toshewa.

Daga nan har zuwa haɗewar Jamus, kamfanonin Amurka da Birtaniya da Faransa ne kawai ke da izinin shiga Berlin ta Yamma, wato irin su Pan Am da British Airways da Air France. Lufthansa, kamfanin da asalinsa ya faro a Tempelhof, bai sake sauka a birnin ba sai a watan Oktoban 1990.

Abu Hafsat ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba da Malama. Na fahimci cewa rabuwar birnin ce ta haifar da yawan filayen. Abin da ya rage mini shi ne dalilin rufe su. Tun da an riga an gina su kuma suna aiki, me ya hana a bar ko da guda biyu, kamar yadda Landan da Paris suke da filaye fiye da ɗaya?

Ɗan Kwangila ya rubuta:

Malam Abu Hafsat, kowane fili da ciwon da ya kashe shi. Staaken da Johannisthal sun daina aiki tun farkon shekarun 1950, ko da yake a hukumance ba a rufe Johannisthal ba sai a 1995, shekarar da ɗan sama jannatin nan Reinhard Furrer ya mutu a haɗarin jirgi a wani bikin nuni da aka yi a wurin. Gatow ya rasa dalilin wanzuwarsa da sojojin Birtaniya suka tafi a 1994. Yau gidan tarihin jiragen yaƙi ne, wani ɓangarensa kuma an gina gidaje.

Tempelhof jirgin jet ne ya fara kayar da shi. Tsawon titunansa kimanin kilomita biyu ne kawai, kuma babu inda za a ƙara su saboda gidaje sun kewaye shi ta ko'ina. Air France ta koma Tegel tun 1960 saboda wannan dalili, a 1975 kuma manyan kamfanoni suka bi ta bayan an buɗe sabon gini mai kusurwa shida. Daga baya ƙananan jirage suka dawo Tempelhof, amma filin ya riƙa cin kuɗi fiye da abin da yake shigarwa.

Hukuncin da ya rufe komai an yanke shi ne a 1996, lokacin da gwamnatin tarayya da jihar Berlin da jihar Brandenburg suka amince a gina babban fili guda ɗaya a gefen Schönefeld, a rufe Tempelhof da Tegel. Hujjarsu ita ce birnin da yake son ya zama mahaɗar jirage ba zai raba fasinjojinsa gida uku ba, kuma dubban ɗaruruwan mutane suna kwana ƙarƙashin ƙarar jirage a cikin gari. Rufe tsofaffin filayen ya shiga cikin hujjar da aka kafa amincewa da sabon a kanta, abin da ya sa daga baya ja da baya ya yi wuya ta fuskar shari'a. A ganina kuskuren farko shi ne zaɓen wurin. Binciken da aka yi kafin nan ya fifita Sperenberg, tsohon filin sojan Soviet da ke can kudu inda mutane ba su da yawa, amma 'yan siyasa suka zaɓi kusa, sakamakon haka sabon filin bai da izinin jigila daga sha biyun dare zuwa biyar na asuba, abin da ke rage masa ƙarfin gogayya da sauran manyan filaye.

Labarin ginin kuwa sananne ne. Wata kotun tarayya da ke birnin Leipzig ta ba da izini a watan Maris na 2006, aka aza harsashi a watan Satumba, aka sa ranar buɗewa a 2011, aka ɗage zuwa 3 ga Yunin 2012. Saura makonni huɗu aka soke, domin na'urorin kariya daga gobara ba sa aiki. An tsara a riƙa zuƙe wani ɓangare na hayaƙi zuwa ƙasa ta bututu maimakon a bar shi ya fita ta rufi, alhali hayaƙi mai zafi sama yake nema, ƙofofin da ya kamata su riƙa buɗewa da rufewa da kansu kuma suka ƙi, har aka kawo shawarar a ɗauki mutane su tsaya a bakinsu, hukumar duba gine-gine ta ce ba ta yarda ba. Tushen matsalar shi ne ba a ba wa babban ɗan kwangila guda aikin ba, an yanyanka shi ga kamfanoni da dama, ana kuma sauya zane ana cikin gini. Shekaru aka yi ana tura jirgin ƙasa babu kowa a ciki ya ratsa tashar da ke ƙarƙashin ginin don iska ta motsa kada danshi ya lalata ta. An buɗe filin, mai sunan Willy Brandt, ranar 31 ga Oktoban 2020, a tsakiyar annobar korona, bayan kuɗin ya tashi daga kimanin Yuro biliyan biyu zuwa fiye da biliyan shida.

Maman Zahra ta rubuta:

Ina da ɗan saɓani da yadda ake yawan kawo labarin Tegel, domin masu kewarsa matafiya ne, ba maƙwabtansa ba. Gaskiya ne tsarinsa na da daɗi: mota tana shiga tsakiyar ginin mai kusurwa shida ta ajiye mutum a daidai ƙofar jirginsa, tafiyar ba ta wuce mita talatin ba, kowace ƙofa da wurin bincikenta. Amma wannan tsari na zamanin da binciken tsaro bai tsananta ba ne, kuma a 2019 filin ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 24, ninkin ba ninkin abin da aka gina shi dominsa, babu jirgin ƙasa da ke zuwa wurin sai bas, mazauna Pankow da Reinickendorf da Spandau kuwa tun asuba jirage ke bi ta saman rufinsu. A ƙuri'ar da aka kaɗa a watan Satumban 2017 kimanin kashi 56 cikin ɗari sun nemi a bar shi, amma ƙuri'ar ba ta da ƙarfin doka, gwamnatin birnin ba ta bi ta ba. Jirgin ƙarshe ya tashi ranar 8 ga Nuwamban 2020, na Air France ne zuwa Paris, kamfanin da ya fara jigilar fasinja a wurin shekaru sittin kafin nan.

Abin da na fi ganin ya cancanci muhawara shi ne filin da Malam Abu Hafsat ya fara tambaya a kansa. A watan Afrilun 2008 aka yi ƙuri'ar neman a bar Tempelhof yana aiki, mafi yawan waɗanda suka fito sun goyi baya, amma adadinsu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na masu rajista da doka ta gindaya ba, sai aka rufe shi ranar 30 ga Oktoba. A watan Mayun 2010 aka buɗe wa jama'a ƙofa, fili mai kimanin hekta 300, mutane suka riƙa tuƙa keke da gudu a kan titunan jirgi, wasu suka kafa lambuna a cikin akwatunan katako saboda an hana haƙa ƙasar, a tsakiya kuma ake killace ciyawa a lokacin da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa. Da gwamnati ta kawo shirin gina gidaje a gefe-gefen filin, jama'a suka kaɗa ƙuri'a ranar 25 ga Mayun 2014, kusan kashi biyu cikin uku suka amince da dokar da ta hana gini. Tun daga lokacin kuɗin haya ya yi ta hawa a birnin, kuma ana ta sake tayar da maganar. Ni ina ganin masu cewa a gina ɗan wani ɓangare suna da hujja, sai dai tsoron masu adawa shi ma ba na banza ba ne, domin fili irin wannan idan aka fara gutsurarsa ba a cika tsayawa a inda aka yi alkawari ba.

Baba Injiniya ya rubuta:

Hajiya Maman Zahra, a kan batun gidaje ya kamata a haɗa da Tegel a lissafi, domin filinsa ya kai kimanin hekta 500, kuma an riga an tsara gina unguwa mai gidaje kusan 5,000 a wani ɓangarensa, tare da cibiyar bincike da masana'antu a tsofaffin gine-ginen. Aikin ya yi jinkiri saboda an yi amfani da wurin wajen rigakafin korona, daga baya kuma ya zama masaukin 'yan gudun hijira daga Ukraine, kamar yadda rumfunan Tempelhof suka karɓi 'yan gudun hijira a 2015. Johannisthal ya nuna cewa ana iya raba fili biyu: tsakiyarsa an bar shi filin shaƙatawa, gefensa na Adlershof kuma ya zama cibiyar kimiyya da fasaha inda sassan Jami'ar Humboldt suke, kuma har yanzu tsohon ramin gwajin iska da hasumiyar gwajin juyawar jirgi na shekarun 1930 suna tsaye a tsakanin azuzuwa.

Malam Abu Hafsat, game da kwatancen da ka yi da Landan da Paris, bambancin yana ga yawan fasinja. Filayen Berlin gaba ɗaya sun ɗauki kimanin miliyan 35 a 2019, alhali Heathrow shi kaɗai ya ɗauki kimanin miliyan 80 a wannan shekarar, kuma Lufthansa ta riga ta kafa mahaɗarta a Frankfurt tun lokacin da aka hana ta shiga Berlin, daga baya kuma ta ƙara da Munich. Air Berlin, kamfanin da aka sa ran zai mayar da sabon filin mahaɗarsa, ya durƙushe a 2017, shekaru uku kafin a buɗe ƙofa. Ko tsohon ginin Schönefeld da aka haɗa da sabon filin a matsayin tasha ta biyar, an rufe shi a farkon 2021 saboda ƙarancin fasinja, kuma ba a sake buɗe shi ba.